Masu Neman Haƙorin Kifi a Kan Tudu

Wanda ya tashi daga Agege ya kama hanyar Abeokuta zai wuce ta Ewekoro, inda ake fasa farar ƙasa ana yin siminti. Dutsen nan a ƙarƙashin teku ya kwanta, shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce. Haka na Kalambaina a Sakkwato, domin a wancan zamani ruwan gishiri ya ratso Sahara ya malale yankin Dange, Wurno da Goronyo, har cikin ƙasar Tawa a Nijar. Manyan kifayen shak sun yi iyo a inda yau ake shuka gero.

Ƙashin shak guringuntsi ne, ruɓewa yake yi. Galibi haƙori ke saura, kuma kifi ɗaya yakan zubar da dubbai kafin ya mutu. Shi ya sa tun 1934 Baturen Ingila Errol White ya iya wallafa nazari guda a kan kifayen da suka zama dutse a lardin Sakkwato.

Amma fa tsintar ba ta kowa ba ce. Gwani ba ya fita da tsakar rana. Yakan jira ruwa ya wanke bakin kwazazzabo, ya fito da sassafe lokacin da hasken rana ke zuwa a karkace, sai ya bi a sunkuye. Ba siffar haƙori yake fara nema ba, sheƙi yake nema: fatar haƙori tana ƙyalli, tsakuwa ba ta yi. Launin kuwa baƙi ne ko ruwan ƙasa, gwargwadon ma'adinin da ya shige shi. Ƙanana, waɗanda ba su kai ƙwayar dawa ba, sai an kwashi ƙasa an tace da rariya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake karanta abin da ya tsinta. Ya shafa gefen da yatsa: in da ƙananan haƙora irin na zarto, mai yankar nama ne, in siriri ne mai tsini, mai cafkar ƙananan kifaye, in shimfiɗaɗɗe ne, mai murƙushe ƙumba. Kafin ya jefa a aljihu kuma sai ya rubuta daga wane shimfiɗin dutse ya fito, don haƙorin da ba a san makwancinsa ba ya zama abin ado kawai.

Kowa Megalodon yake tambaya, shak mai haƙori har santimita 18. To, shi bai bayyana ba sai shekaru miliyan 23 da suka wuce, bayan tekun Sakkwato ya daɗe da janyewa. Haƙoran kakansa Otodus ake haƙowa jingim a ramukan fosfet na Khouribga a Maroko, kuma a can 'yan kasuwa sun iya ɗora saiwar bogi da gam da yashi. Gwani farce yake sa wa mahaɗar ya kankara kafin ya taya.