Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Kalmar "Variant" da Fassararta

Akwai wata kalma ta Turanci wadda ta shiga kunnuwan jama'a ƙwarai a shekarar 2021, lokacin annobar Korona, watau "variant". Masu fassara da dama sun yi mata riƙon sakainar kashi, wani ya ce sabuwar cuta, wani ya ce kuskure. Ya kamata mu bi sawunta tun daga tushe, domin wanda bai san asalin kalma ba, da wuya ya ba ta haƙƙinta.

Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawan dā. Suna da kalma "varius", wadda su ke kiran abu mai dabbare-dabbare da ita, kamar fatar damisa. Daga nan ta gangara cikin Faransanci. To, a shekarar 1066 Normandawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, kalmominsa kuwa suka yi ta kwarara cikin Turanci. Wajen ƙarshen ƙarni na 14 an riga an sami wannan kalma a rubuce-rubucen Ingilishi, amma sa'an nan sifa ce ta abin da ba ya tsayawa a kan hali guda, har da mutum mai yau fari gobe baƙi. Sai a ƙarni na 19 ta zama sunan abu, ta ɗauki ma'anar da a ke amfani da ita yanzu: abu guda ne a asali, amma ya fito da wata siffa dabam.

Ka lura, mai karatu, ma'anar nan ƙafa biyu gare ta, ɗaya tarayyar asali, ɗaya bambancin siffa. In ka sare ɗaya, ma'ana ta gurgunce. Wanda ya ce Delta ko Omikiron sabuwar cuta ce ya sare ƙafar farko, gama ƙwayar cutar ita ce dai ta dā, wasu sassanta ne suka sāke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara laƙaba wa nau'o'in ƙwayar cutar haruffan Girkanci a watan Mayu na 2021, don kada a riƙa jingina wa wata ƙasa sunan cuta. Illar waccan fassara ba ƙarama ba ce, domin mutumin da aka gaya masa sabuwar cuta ta zo, sai ya zaci rigakafin da aka yi masa ya zama banza.

Wanda kuma ya fassara ta da kuskure, laifinsa ya fi girma. Duk wanda ya zauna gaban malam ya san Alƙur'ani ɗaya ne, amma akwai ruwayar Warshu daga Nafi'u na Madina, wadda kakanninmu suka rubuta a alluna, akwai kuma ruwayar Hafsu daga Asimu na Kufa, wadda bugun Alƙahira na 1924 ya ƙara bazawa a duniya. Wane mai hankali zai ce ɗaya daga cikinsu kuskure ce? Haka kuma a harshenmu, Bakano ya ce biyar, Basakkwace ya ce biyat. Bakano ya ce mace ce, Basakkwace ya ce mace ta. Bargery, da ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934, bai kori ɗaya ba, sai ya riƙa nuna garin da a ke faɗin kowace. Malamin da ya zane yaro don ya yi karin harshen iyayensa bai fahimci wannan ba.

Saboda haka ba mu bukatar aron kalma, sai dai zaɓe. In a kan karatu ne, a ce ruwaya; in a kan magana ne, karin harshe; in a kan cuta ne, nau'i. Manomi ma ya riga mu sani, gama kaura da farafara duk dawa ce, iri ne ya bambanta, kuma ba ya zuba su rumbu guda in yana son irin baɗi. Mai fassara ya yi koyi da shi. Allah ya ba mu fahimta, amin.