Kalmar "Tsaro" a Bakin Masu Mulki

Akwai wata kalma wadda masu mulki suka gane amfaninta ƙwarai, watau "tsaro". Da zarar shugaba ya ce abu kaza haɗari ne ga ƙasa, sai kowa ya ja bakinsa ya yi gum, don ba mai son a ce yana bayan abokan gaba. To, bari mu duba yadda aka yi da ita tsakaninmu da Nijar.

Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka tuɓe Shugaba Bazoum a Yamai. Ƙungiyar ECOWAS, wadda Shugaba Tinubu ke jagoranta a lokacin, ta ɗauki abin kamar gobarar da za ta ci Afirka ta Yamma duka. Aka ba sojan kwana bakwai, aka yi ta maganar yaƙi, aka rufe iyaka, aka kuma yanke wutar lantarkin da Nijeriya ke ba Nijar.

Mu mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga mun san asalin wutar nan. Da aka gama datse Kwara a Kainji cikin 1968, ruwa ya ci tsibirai da fadamu, aka tashi dubban mutane, Gungawa suka bar kufan kakanninsu. Wayar da ke kai wuta Yamai ta Birnin Kebbi ta bi. Tun farko kuwa an ba Nijar wuta ne don kada ta datse kogin daga sama ta rage mana ruwa. Ashe amana ce ta maƙwabta, amma rana ɗaya aka mai da ita bulala. Wa ta doka? Ai ba manyan soja ba. Majiyyaci ta doka a asibiti, da tela a shagonsa, da falken da albasarsa ta ruɓe cikin mota a bakin iyaka.

Mahukuntan Nijar su ma ba su kuɓuta daga wannan hali ba. Cikin Disamba 2024 Janar Tchiani ya yi jawabi da Hausa, ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa don a rikita ƙasarsa, Nijeriya ta ce ba haka ba ne. Kowanne yana nuna wa talakawansa dodo a ƙetaren iyaka, alhali uwa tana Kamba, ɗiyarta tana aure a Gaya.

Me aka samu? An janye takunkumi a Fabrairu 2024, aka buɗe iyakarmu a Maris, Bazoum bai koma mulki ba, Nijar kuwa ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025.

Ban ce babu haɗari ba. Mu da aka sace wa 'yan makaranta a Birnin Yawuri cikin Yuni 2021, ba sai an koya mana tsoro ba. Don haka ne ma ya wajaba a riƙe kalmar nan da daraja. In ana ihun ɓarawo kullum don maƙwabci ya gifta, ranar da ɓarawon gaske ya haura katanga ba mai fitowa.

Saboda haka, jama'a, duk sa'ad da kuka ji an ce tsaro, ku yi tambaya uku. Mene ne haɗarin, a kira shi da sunansa? Wa zai ɗauki asarar maganin? Shin an gwada zama a tabarma ɗaya tukuna? Wanda ya iya karatu ba ya karɓar takarda ya dangwala hannu sai ya karanta. Allah ya ba mu zama lafiya da maƙwabtanmu, amin.