Sarauniyar Lugu da Tsarin Shawara: Sharhi a kan Littafin Abdoulaye Mamani

Littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani ya fito da faransanci a shekarar 1980. A 1986 Med Hondo ya mai da shi silima, wadda ta ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Tun daga lokacin labarin ya bazu a makarantun Nijar, saboda haka ya kamata a auna shi kafin a ɗauke shi cikin littattafan yaƙi da jahilci.

Amfanin littafin a fili yake. Ya raya tunawa da turjiyar da Aznan Lugu suka yi wa rundunar Voulet da Chanoine a watan Afirilu na 1899, abin da rahotannin ƴan mulkin mallaka suka taƙaita. Amma marubucin ya ɗora kusan dukkan shawara a kan mace ɗaya: ita ke hangowa, ita ke umarni, ita ke jan mayaƙa. Nan ne rauninsa.

Binciken Marc-Henri Piault, Histoire Mawri, wanda ya fito a 1970, ya nuna iko a Arewa rarrabe yake. Gubawa, watau ƴan ƙasa, su ke riƙe da al'amarin ƙasa da iskokinta, a ƙarƙashin Sarauniya a Lugu da Baura a Bagaji. Sarauta kuwa, da yaƙi da haraji, tana hannun Arawa masu danganta asalinsu da Barno. Bayan haka akwai dutsen Tunguma, wanda ake kai wa ƙarar da ta gagari mutane. Ita kanta Sarauniya ba ta naɗa magajiyarta: gawar wadda ta rasu ake ɗauka, ta nuna wadda za ta gaje ta, al'adar da ake kira tarkama. Ko mai karatu ya yarda da waɗannan al'adu ko bai yarda ba, aikinsu cikin jama'a ɗaya ne: suna hana mutum guda ya mallake hukunci, suna kuma sa wanda shawara ba ta yi wa daɗi ba ya karɓe ta ba tare da jin an ci mutuncinsa ba.

Masana sha'anin gudanarwa sun yi bayanin irin wannan. Herbert Simon, a littafinsa na 1947, ya nuna babu shugaban da ke da cikakken sani a lokacin yanke shawara. Yakan tsaya ga abin da ya wadatar, don haka ƙungiya ke raba aikin tunani tsakanin sassanta. Michel Crozier da Erhard Friedberg kuma, a 1977, sun nuna ba a gane aikin mutum sai an dubi tsarin da ya ɗaure shi da sauran jama'a.

Tarihin 1899 ya gaskata su. An ƙone Lugu, mutane suka fake cikin kurmi, amma muƙamin bai mutu ba, an ci gaba da naɗa Sarauniya bayan Mangu. Rundunar Faransa kuwa, wadda shawararta duka ke hannun hafsoshi biyu ba mai tsawata musu, ta juya wa shugabanninta cikin wata uku: Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb ranar 14 ga Yuli, ƴan kwanaki kaɗan sojojinsu suka kashe shi da Chanoine. Da Mamani ya dafa wannan bambanci, da littafin ya fi haka zurfi.

Akwai kuma matsalar kalma. Faransanci ya fassara sarauniya da reine, mai nufin mace mai gadon mulki da fada. A bakin Lugu kalmar na nufin mai tsaron ƙasa, wadda ke zaune a keɓe cikin ɗakinta. Mai mai da littafin cikin Hausa, in bai lura ba, zai dawo da kalmar gida ɗauke da ma'anar baƙi.

Ga masu tsara karatun manya, abin yi biyu ne. Na farko, a haɗa labarin Mangu da bayanin Baura, Tunguma da tarkama, daga bakin dattawan Lugu da Bagaji, a rubuta da karin harshensu. Na biyu, a yi amfani da darasin wajen kafa kwamitin kowace cibiyar karatu, a raba riƙon kuɗi da ajiyar kayan aiki da zaɓen malami tsakanin mutane daban-daban, domin cibiyar da ta dogara ga malami ɗaya takan rufe ranar da ya tafi cin rani.