Jirgin ɗalibai ya tashi, saura ya miƙe hanya

Wani irin bidiyo ya yawaita a YouTube, kuma kusan duk tafiyarsa ɗaya. Ɗalibai sun yanko faifan katako, sun lulluɓe ƙasansa da leda mai kauri, sun huda rami sun soka bakin injin hura iska. Ana kunnawa sai ledar ta kumbura, faifan ya ɗaga, a ɗora yaro a kai a tura shi yana sulalewa a kan daɓe, 'yan kallo suna tafi. Nan bidiyon yake ƙarewa. Ina murna da yadda ɗalibai masu sha'awar ƙera mutum-mutumi suka fara karkata ga hobakiraf, wato jirgin da ke tafiya a kan katifar iska. Damuwata ita ce da yawansu suna ajiye aikin daidai inda karatunsa yake farawa.

Ɗaga jirgin shi ne abu mafi sauƙi a cikin aikin, kuma lissafi ne ya faɗi haka. Matsin iskar da ake buƙata shi ne nauyin jirgi a raba shi da girman filin ƙasansa. Faifai mai faɗin mita 1.2 daga baki zuwa baki, ɗauke da nauyin kilo 80, matsin da zai ɗaga shi bai wuce faskal 700 ba (faskal shi ne ma'aunin matsi), alhali iskar da muke shaƙa tana danne mu da faskal fiye da 100,000. Ko kashi 1 cikin 100 bai kai ba. Shi ya sa injin da aka yi don hure ganye daga tsakar gida yake iya ɗaga babban mutum. Abin yana burge ido, amma duk mai faifai da leda zai iya yi cikin yini guda.

Shi kansa wanda ya ƙirƙiro jirgin da awo ya fara. Christopher Cockerell, injiniya ɗan Ingila, a tsakiyar shekarun 1950 ya saka gwangwanin abincin kyanwa cikin gwangwanin kofi, ya hura iska ta tsakaninsu, ya auna ƙarfinta a kan sikelin kicin. Sikelin ne ya nuna masa cewa iskar da ta fito ta zoben da ke tsakanin gwangwanayen ta fi wadda aka hura kai tsaye ƙarfin turi. Daga nan aka kai ga SR.N1, wanda kamfanin Saunders-Roe ya ƙera, ya ƙetare mashigin ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila ran 25 ga Yuli, 1959. Jirgin nan na farko ba shi da siket, wato labulen da ke kewaye ƙasan jirgi yana tare iska, tazararsa da ruwa ƙarama ce, igiyar ruwa kaɗan takan dame shi. Sai da aka ɗaura masa siket mai lanƙwasa, daga baya aka yanka siket ɗin ɓangare-ɓangare kamar yatsu, sannan hobakiraf ya zama abin hawa na gaske.

A siket ɗin nan ɗalibi yake fara koyon injiniyanci. In ya yi tauri, jirgi yana tsalle. In ya yi laushi, gefe ɗaya ya kwanta ya riƙa jan ƙasa. In ramukan fitar iska sun yi yawa, katifar ta sace, in sun yi kaɗan kuma ledar ta kumbura ta manne da daɓe, jirgin ya ƙi motsi. Babu wani bidiyo da zai gaya wa yaro yawan ramukan da nasa jirgin yake so, domin nauyinsa daban, fankarsa daban, inda ya ɗaure batir daban. Dole ya yanka, ya ɗinka, ya gwada, ya rubuta abin da ya gani, ya sake.

Sai babbar matsalar, wadda ita ce dalilin da ya sa nake fifita wannan aiki a kan motar roba mai bin layi da ta cika gasannin makarantu. Mota tana da taya, taya kuma tana rufa wa mai ƙira asiri. Ka kashe inji ta tsaya, ka juya ta juya, ko da umarnin da aka loda wa ƙaramar kwamfutarta ta Arduino kwafe ne daga intanet ba a fahimce shi ba. Hobakiraf ba shi da birki, domin babu abin da yake gugar ƙasa. Ka kashe fankar turi, ya ci gaba da tafiya. Ka juya hancinsa dama, jikinsa ya ci gaba da sulalewa inda ya nufa tun farko. Fankar da ke ɗaga shi ma, tana juyawa gefe ɗaya, gangar jirgin tana juyawa ɗaya gefen, sai ka ga abu yana katantanwa a wuri guda. Ɗan gangaren daɓe da ido ba ya gani ya isa ya kai shi bango.

Yaron da ya ga haka ya ga dokokin Newton da idonsa, ba a allo ba. Kuma ba shi da mafita sai ya saka na'urar da ke jin juyi, ya rubuta umarnin da zai riƙa kwatanta inda jirgi ya fuskanta da inda ake so ya fuskanta, yana gyara sau da yawa a cikin daƙiƙa. In gyaran ya yi ƙarfi jirgi ya riƙa lilo, in ya yi rauni ya ɓace. Wannan shi ne ainihin ilimin sarrafa na'ura, shi ne yake riƙe jirgi maras matuƙi a sama. Jami'ar Maryland a Amurka ta yi shekaru tana ba ɗaliban injiniya 'yan shekarar farko aikin ƙera hobakiraf mai tuƙa kansa, kuma ina ganin hikimar hakan.

Ba na son a yaudari yara da cewa suna ƙera abin hawan gobe. Hobakiraf yana da ƙara, yana shan mai, siket ɗinsa yana yagewa. Manyan jiragen SR.N4 da suka yi jigilar motoci da fasinja tsakanin Ingila da Faransa tun 1968 sun daina aiki a 2000, shekara 6 bayan buɗe ramin jirgin ƙasa na ƙarƙashin teku da ya haɗa ƙasashen biyu. Inda ya ci gaba da amfani shi ne inda ruwa da laka da tudu suka cakuɗe, kamar jigilar fasinja daga Southsea zuwa Ryde a Ingila, ko aikin ceto a gaɓoɓi masu taɓo. Darajarsa ga ɗalibi tana cikin wahalar sarrafa shi.

Saboda haka roƙona ga malamai da masu shirya gasa shi ne su canja abin da suke ba maki. Kada tashi daga ƙasa ya ci komai. A shata layi mai tsawon mita 5, a ce jirgi ya bi shi da kansa, ya tsaya cikin da'irar da aka zana. A ɗora masa ƙarin nauyi a ga ko ɗalibin ya san tun kafin a kunna cewa zai ɗauka. A buɗe littafin awonsa a ga siket nawa ya lalata da dalilin lalacewar kowanne. Kayan ma ba su fi ƙarfin yaranmu ba, waɗanda tun suna ƙanana suke ƙera mota da gwangwani da waya: farin soson da ake naɗe talabijin, ledar shara, fanka, sai Arduino da batir da za a saya.

Kuma a kula da lafiya, don fankar waɗannan ƙananan injuna tana yanka yatsa, batirin litiyam da ya huje ko aka yi masa caji fiye da ƙima yana iya kama wuta. Jirgin da ba a sa wa fankarsa raga ba, kada malami ya bari a kunna shi a aji.