Ado da Ziyara: Nazari a kan Kirsimetin Jimeta da Yola

Idan Disamba ta raba tsakiya, hazo ya sauko bisa kwarin Binuwai, zafin nan da aka san ƙasar Yola da shi ya yi sauƙi, kogi ya ja baya har yashi ya fito fili a ƙarƙashin gadar Jimeta, manoma kuma suka ƙare kai dawa rumbu, sa'an nan ne jama'ar Kirista na wannan yanki suke shiga hidimar Kirsimeti, wato bikin tunawa da haihuwar Annabi Isa ɗan Maryamu, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Wanda ya saba ganin unguwannin Amurka a talabijin, inda kowane gida yake naɗe da fitilu tun daga rufi har bakin titi, maƙwabci yana gasa da maƙwabci, idan ya zagaya unguwar Luggere ko Demsawo a Jimeta da daddare yana neman irin wannan, zai koma yana cewa biki bai kankama ba. Alhali kuwa ma'aunin da ya ɗauko ne bai dace da abin aunawa ba, domin kowace al'umma da inda take ajiye adonta, mutanen Adamawa kuwa sun ajiye nasu a jikinsu, da cikin majami'unsu, da sawun da suke yi zuwa gidajen juna.

Garuruwan nan biyu, Yola da Jimeta, ko da yake baƙo yana kiransu da suna ɗaya, kowanne da asalinsa da ɗabi'arsa. Yola gari ne na sarauta da malanta, wanda Modibbo Adama ya kafa a 1841, har yau kuwa rayuwarsa tana kewaye da fadar Lamiɗo da babban masallaci. Jimeta bakin ruwa ce, matsayar jiragen kamfanonin Turawa masu hawowa idan kogi ya cika, kuma bayan da Ingilishi suka ci Yola daga hannun Lamiɗo Zubairu a 1901 sai ta zama mazaunin akawuna da 'yan kasuwa da leburori, ta ƙara tumbatsa da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976, daga baya Jihar Adamawa a 1991. Addinin Kirista bai shigo ta ƙofar Yola ba, gama Turawan mulki ba su so 'yan mishan su zauna cikin biranen sarakunan Musulunci. Dokta Niels Bronnum, mutumin Danmak, ya sauka Numan a 1913, daga aikinsa cocin LCCN ta tsiro. Stover Kulp da Albert Helser suka sauka Garkida a 1923, nan ne tushen Ekklesiyar 'Yan'uwa. Limaman Katolika 'yan Ailan suka biyo baya wajen 1940. 'Ya'yan makarantun waɗannan mutane, Bachama da Mbula da Lunguda da Kilba da Margi da Higi da Chamba, su ne suka gangaro Jimeta neman aiki, suka tarar da Ibo da Yarabawa a kasuwa, harshen da ya haɗa mafi yawansu a sujada kuwa shi ne Hausa, wadda aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da ita tun 1932. Saboda haka Kirsimeti bikin Jimeta ne da sababbin unguwannin da suka kewaye ta. Cikin tsohon garin Yola ranar takan wuce shiru, sai dai a ga ma'aikata a gida suna hutu.

Kayan ƙawar da ake shigowa da su kowanne yana da tarihinsa a ƙasar da ta haife shi. Itacen Kirsimetin nan mai tsini al'adar Jamusawa ce, wadda ta yaɗu a Ingila bayan an buga hoton Sarauniya Biktoriya da mijinta Albert suna tsaye kusa da nasu a 1848, fitilun lantarki kuwa wani abokin aikin Edison ne ya fara rataya su a kan itace a birnin New York a 1882. Hikimarsu a can bayyananniya ce: dare ya yi tsawo, rana ta yi ƙaranci, itatuwa sun kaɗe, sai mutane suka nemi kore da haske su shigar cikin ɗaki. A Jimeta waɗannan kaya suna zuwa cikin kwali daga Sin, ta hanyar Anaca da Legas, kuma inda aka fi ganinsu shi ne gaban bankuna da otal-otal da manyan kantunan da ke kan titin Galadima Aminu da na Atiku Abubakar, wato wuraren da ado yake kiran ciniki. Ban ga laifin ɗan kasuwa ba idan ya ƙawata shagonsa, amma bai kamata a ɗauki shagon a matsayin madubin unguwa ba.

Dalilan da suka hana fitilu hawa gidajen unguwa ba ɓoyayyu ba ne. Gidanmu na Arewa, na Musulmi ne ko na Kirista, bayansa yake ba titi, fuskarsa tana duban tsakar gida, abin da mai wucewa yake gani katanga ce da ƙyaure. Mafi yawan ma'aikata kuma haya suke yi, iyali da yawa a gida guda, addini biyu a rijiya ɗaya, babu wanda ya mallaki bangon waje balle ya yi masa kwalliya. Ga wutar lantarki ba ta da tabbas, wanda ya tayar da janareto kuwa firiji zai fara tunawa kafin fitilar ado. Abin da magidanci yake yi shi ne ya sa a share ƙofar gida a yayyafa ruwa, a shafa wa gindin darbejiya da duwatsun bakin hanya farar ƙasa, in da hali a sabunta fentin falo, uwargida ta fito da labule da shimfiɗun kujeru da ta adana tun bara, yara su hura balan-balan su rataya a silin. Wannan kwalliya ce ta tarbar baƙo, sai wanda ya yi sallama ya shigo yake ganinta.

A majami'a ne jama'a suke haɗa ƙarfi. Matasa sukan kwana suna ɗaura kyallaye ja da fari da kore daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, a cocin Katolika kuwa, irin babbar cocin Saint Theresa, akan gina 'yar bukka a gefe don nuna wurin haihuwa, al'adar da ake danganta farkonta ga Faransis na Asisi a Italiya a 1223. Wannan bukka ta fi kowane ado burge ni, domin da ciyawa da zana da kara ake yinta, a baza harawa a ƙasa, a jera 'yan tumaki da saniya da makiyaya da sandunansu, har mai kallo ya ga kamar rugar da ya wuce ne a hanyar Girei. Itacen roba da audugar da ake manna masa a madadin ƙanƙara baƙi ne har gobe, amma labarin matafiya da suka rasa masauki, da jariri a wurin dabbobi, da makiyaya masu tsaron garke da dare, ba ya bukatar tafinta a ƙasar da kiwo yake sana'ar kaka da kakanni. Musulmi ma da ya karanta Suratu Maryam ya san cewa Alƙur'ani ya ba da labarin haihuwar nan a gindin dabino, nesa da mutane, cikin kaɗaici da tsanani. Riwayoyin biyu sun sha bamban, aƙidun da aka gina a kansu sun fi shan bamban, amma babu wadda ta sa haihuwar a gidan sarauta.

Sauran adon a jiki yake. Tun farkon wata teloli suke daina karɓar ɗinki, masu kitso su cika da layi, 'yan Zumuntar Mata su fito da zanensu iri ɗaya, dangi su yi anko, uba kuwa ya gwammace ya maimaita tsohuwar rigarsa da a ce ɗansa ya fita ba sabon takalmi. Wanda ya san dokin da yaro yake yi daren Sallah ya san wannan.

Game da fita yawo, abin da baƙo ba ya zato shi ne Jimeta takan ragu ne a kwanakin nan. Daga 22 ga wata tashar Jambutu ba ta da masaka tsinke, kowa ya nufi gida, wannan Numan, wannan Guyuk, wancan Hong ko Michika ko Ganye, Ibo kuma su rufe shaguna su yi kudu, domin a ƙauye ne ake taron ƙungiyoyin ci gaban gari, da ɗaurin auren da aka tara, da gasar ƙwallo tsakanin unguwanni. Idan ranar ta faɗo kusa da ƙarshen mako, kamar 2022 da ta zo ran Lahadi gwamnati ta ba da hutun Litinin da Talata, sai tafiyar ta ƙara armashi. Waɗanda suka rage a gari su ne suke raya shi: ƙungiyoyin mawaƙa masu bin gidajen 'yan coci da dare, da ganga da tulu da kacau-kacau, a ba su kunun gyaɗa su yi addu'a su wuce; yara garke-garke, da tabarau na roba da 'yar jaka, suna bin gidaje ana ba su cincin da 'yan kuɗi; ran 26 kuma samari da 'yan mata su cika Keke Napep zuwa bakin kogi ko wuraren shaƙatawa, a ci gasasshen kifi da tsire, a ɗauki hoto da waya. Akwai abin ƙi a ciki, ba kuwa zan ɓoye shi ba: shaye-shaye da tuƙin ganganci suna lashe rayuka da dukiya a wannan mako, fastoci da kansu a kan haka suke wa'azi kowace shekara. Akwai kuma wani abu mafi laushi da nake jin tsoro, wato yadda fita take komawa wurin da sai an biya a ƙofa, inda mai iyali babba da ƙaramin albashi ba ya iya shiga, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota da na shinkafa suka haura, alhali ziyarar gida ba ta tambayar kowa kuɗin shiga.

Amma gishirin bikin nan, a ganina, kwano ne. Da sassafe maƙwabci Kirista yakan aika a kira masa maƙwabcinsa Musulmi ya zo ya yanka masa akuya ko kaji, ya fuskantar da su alƙibla ya ambaci sunan Allah, ba don addininsa ya wajabta masa haka ba, sai don kada abincin ya tsaya a ƙofar kowa, kafin azahar sai ka ga yarinya da sabon kitso, ta rungumo kula da hannu biyu, shinkafa da miya da tsoka uku a sama, ta tsaya a zaure ta ce, "Salamu alaikum, in ji Mama a kawo wa Hajiya." Ba a mayar da kwanon wofi, ko da sabulu ne ko 'yan kuɗi a sa a ciki, idan Layya ta zo kuma cinyar rago ta bi hanyar da shinkafa ta biyo. Malamai sun yi saɓani a kan taya murnar bukukuwan da ba na Musulunci ba: Ibnul Ƙayyim ya hana, a cikin littafinsa na hukunce-hukuncen Ahluz Zimma, daga cikin na baya kuwa Shaihu Yusuf Ƙardawi da majalisar fatawa ta Masar sun halatta, kuma ban ga dalilin zargin wanda ya bi ɗayan ra'ayoyin bisa tsoron Allah ba. Haƙƙin maƙwabtaka dai babu wanda ya yi jayayya a kansa, kuma mutumin da ya sa wuƙarsa a hannunka domin ya kiyaye maka shari'arka ya yi ihsanin da ya cancanci a gane shi.

Wannan al'ada ta sha jarrabawa. An kai hari wata coci a Jimeta a Janairun 2012, bama-bamai kuma suka tashi a 2015 a kasuwa da masallacin Jambutu da wata matattarar jama'a, daga nan aka shiga zamanin binciken jaka a ƙofar coci da masallaci, 'yan sanda suna hana wasan nokawut, yawon waƙar dare ya ragu ƙwarai. Kirsimetin 2014, bayan Madagali da Michika da Mubi sun faɗa hannun Boko Haram, babu gidan da za a koma, ƙauye ne ya zo birni, dubban mutane suka kwana a harabar Saint Theresa da gidajen dangi, Musulmi da Kirista, kuma Bishof Stephen Dami Mamza, wanda ya ciyar da su, da ya gina wa waɗanda suka rage gidaje 86 a Sangere-Marghi, sai ya haɗa musu da masallaci a 2021.

Jimeta ba ta tsage gida biyu ba yadda Kaduna ta yi bayan 2000 ko Jos bayan 2001, wannan kuwa ni'ima ce babba. Sai dai a sababbin unguwannin bayan gari, inda mai sayen fili yakan fara tambayar su wane ne a kewaye, inda katanga ta fi tsawo, hasken sola kuma ya sa fitilun ado suka fara hawa ƙofofi, kwanon yana nan yana tafiya, amma hanyarsa ta sauya: a mota ake kai shi, daga abokin aiki zuwa abokin aiki, manya ne suke miƙa wa manya a bakin get. A gidajen haya na Luggere yara ne 'yan aike, su suke shiga har ɗakin tsohuwa su durƙusa su gaishe ta, ta san sunan kowannensu da na uwarsa. A sabuwar unguwa kuwa yaro yakan ci shinkafar ya ƙoshi bai taɓa taka gidan da aka dafa ta ba.