Tsatsa, Takarda da Tayi: Nazari kan Kimanta Tsohuwar Bindigar Winchester Kafin Gwanjo

A Amurka akwai sana'ar da ta tsaya da ƙafafunta, wato kimanta tsofaffin bindigogi kafin a kai su gwanjo. Ɗaya daga cikin bindigogin da aka fi yi wa wannan hidima ita ce mai liba, wadda ake ɗana ta da wani zoben ƙarfe da ke bayan kunama: a tura shi ƙasa kwanson da aka harba ya fita, a dawo da shi sabon harsashi ya shiga. Benjamin Tyler Henry ne ya fito da irin wadda ta karɓu a 1860, kamfanin Oliver Winchester da ke New Haven ya inganta ta a samfurin 1866 da na 1873, sannan John Browning ya zana masa na 1886 da 1892 da 1894. Samfurin 1873 kaɗai an ƙera shi kusan guda 720,000, saboda haka tsufa shi kaɗai ba ya sa ta tsada. Ana iya ajiye biyu kafaɗa da kafaɗa, samfuri ɗaya, shekara ɗaya, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayar sau da yawa. Wannan nazari zai duba ma'aunan da ke haifar da wannan bambanci, da inda suka yi daidai, da inda nake ganin sun tauye tarihi.

Abin da ido ke fara nema

Mai kimantawa yakan fara da tabbatar da babu harsashi a ciki, sannan ya karanta lambar ƙira. A samfurin 1873 tana ƙasa, bayan liba. Lambar ce ke nuna shekarar da aka yi bindigar, kuma shekarar tana da nauyi a shari'a: dokar tarayyar Amurka ta 1968 ta ɗauki bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan da, wadda cinikinta ya fi sauƙi. Wadda aka yi bayan haka, ko da shekara guda ce, tana bin ƙa'idar bindigogin zamani.

Daga nan sai launi. Kamfani yakan rina ƙarfen ya yi shuɗi mai duhu, wani lokaci kuma a gasa jikin bindigar cikin gawayi da ƙashi ya fito da zanen launuka masu gauraya. Ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, NRA, ta tsara matakai bakwai na kimanta kayan da, daga wadda take kamar yau ta fito daga masana'anta har zuwa wadda ta lalace. Mataki na biyu yana buƙatar dukkan sassa su zama na asali, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na launin farko ya rage. Na uku fiye da kashi 30. Na huɗu daga babu zuwa kashi 30, muddin ba a canza sassa ba. Da zarar an fara samun sassan da aka musanya, bindiga ta gangara ƙasa.

A nan ne magada da yawa suke tafka asara. Mutum ya ciro bindigar kakansa, ya ga ta yi duhu, sai ya ga bai kamata ya kai ta gaban jama'a haka ba. Ya sa takardar yashi ya goge tsatsa, ya kai wa maƙeri ya sake rina ta, ya shafe ƙotar da sabon mai. Garin neman gira ya rasa ido. Gwani yana gane aikin cikin ƙiftawa, domin gogewa tana cinye kaifin rubutun kamfani da ke kan bututu, tana mulmule kusurwoyin bututu mai gefe takwas, tana mayar da bakin ramukan kusoshi kamar kwari. Katakon da aka goge yakan ja baya ya zauna ƙasa da ƙarfen da ke riƙe da shi, alhali na asali yakan ɗan ɗara shi tudu. Duhun da tagullar samfurin 1866 ta tara cikin shekara ɗari da hamsin, wanda masu tarawa ke biyan kuɗi dominsa, man goge ƙarfe yana share shi a yini guda, kuma babu mai iya mayar da shi.

Sai a leƙa cikin bututu da fitila. Baƙin albarushin wancan zamani da sinadarin da ke tayar da shi suna jawo danshi, suna cin ƙarfe idan ba a wanke ba, shi ya sa bututu mai sheƙi da zarensa a fili yake da wuyar samu. A ƙarshe a gwada liba a hankali, a ji ko tana kullewa, a duba kawunan kusoshi ko an taɓa kwance su da abin da bai dace ba, a auna tsawon bututu. Na doguwar 1873 inci 24 ne a bisa al'ada, na gajeriyar mahaya doki inci 20. Idan awo ya saɓa, to ko dai oda ce ta musamman, wadda ke ƙara daraja, ko kuma wani ya yanke shi, wanda ke zubar da ita.

Shaidar takarda

Wa zai raba wannan gardama? Littattafan ajiyar kamfanin Winchester suna gidan tarihin bindigogi na garin Cody a jihar Wyoming. Mutum yakan aika lambar ƙira ya biya kuɗi, a rubuto masa wasiƙa mai ɗauke da abin da akawun kamfani ya shigar: ranar da bindigar ta shiga sito, ranar da ta fita, girman harsashinta, siffar bututu da tsawonsa, irin kunamarta, da duk wani ado da aka yi oda. Idan bindigar da ke kan tebur ta dace da wasiƙar, tayi ya hau. Idan wasiƙa ta ce bututu mulmulalle ne amma ga mai gefe takwas, an san an yi musanye.

Wasiƙar tana da iyakarta. Yawanci ba ta faɗin wanda ya saya, kuma littattafan samfurin 1894, wanda aka ƙera fiye da miliyan 7, kason farko kawai suka rufe. Duk da haka ita ce katangar da ta fi tare masu jabu. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na bindigogin 1873 da aka zaɓo saboda daidaiton bututunsu, aka zana musu alamar cewa ɗaya ce cikin dubu. Ba su kai 140 ba. Bayan fim ɗin Winchester '73 na James Stewart a 1950 suka yi suna, kuɗinsu ya tashi, masu zane kuma suka shiga zana wannan alama a kan bindigogi na gama-gari. Duk wadda lambarta ba ta fito da wannan bayani a littafin Cody ba, mai hankali ba ya taya ta da wancan farashi.

Sama da wasiƙar kamfani akwai tarihin mallaka. A 2016 gidan gwanjon Rock Island ya sayar da samfurin 1886 mai lamba 1, wadda aka yi wa Kyaftin Henry Lawton kyautarta bayan farautar jagoran ƙabilar Apache, Geronimo, tare da agogon aljihunsa, a kan dala 1,265,000. Kyan ƙarfe ya taimaka, amma lambar da sunan su suka kai kuɗin can.

Inda ma'aunin ya gaza

Na yarda da tushen wannan al'ada. Fifita asali a kan ƙyalƙyali ya ceci dubban kayan tarihi daga hannun masu kwaskwarima, kuma neman shaida a rubuce ya koya wa kasuwa cewa labarin baka ba ya wadatarwa. Sai dai ina ganin matsala uku.

Ta farko, kason launi hukuncin ido ne. Babu na'urar da ke cewa 75 ne ko 85, alhali tsakanin waɗannan biyu akwai mataki guda da kuɗi masu yawa. Wanda ke rubuta kason a kundin gwanjo ma'aikacin gidan ne, gidan kuwa yana cin la'ada daga mai sayarwa, yana kuma ɗora wa mai saye ƙarin da kan kai kashi 15 zuwa 20 ko fiye. Manyan gidaje suna kare sunansu, amma dillali dillali ne. Yanzu da tayi da yawa ke zuwa ta intanet, daga mutanen da hoto kawai suka gani, haɗarin cinikin biri a sama ya ƙaru, domin hasken fitila yana ɓoye sabon rini. Mai sayarwa ya kamata ya nemi kimantawar wanda ba shi da rabo a cinikin, ya kuma tsayar da farashin da ba zai sallama ƙasa da shi ba. Mai saye kuma ya riƙe bindigar a hannu, ko ya wakilta gwanin da ya amince da shi.

Ta biyu, ma'aunin yana ba da lada mafi girma ga bindigar da ba ta yi aikin komai ba. Wadda ta kwana a akwati tun daga masana'anta ita ke samun kashi 95. Wadda makiyayi ya rataya a sirdi shekara talatin, har gumin hannunsa ya cinye launin inda yake riƙewa, tana faɗawa mataki na huɗu ko na biyar, ko da yake ita ce ke ɗauke da shaidar rayuwar mutane. A Nuwamban 2014 ma'aikatan gandun dajin Great Basin a Nevada suka tsinci wata 1873 jingine da bishiya, ƙarfenta ya yi tsatsa, katakonta ya tsage ya yi fari. Littafin Cody ya nuna an fitar da ita a 1882. A matakai bakwai na kasuwa tana can ƙasa, amma masu adana kayan tarihi ba su goge ta ba. Sun tsayar da lalacewarta kawai, suka haska ta da na'urar ɗaukar hoton ciki, suka gano harsashi ɓoye a cikin ƙotarta. Wannan shi ne girmama abu da tarihinsa.

Ta uku ta fi damuna. Takarda tana bin masu ofis da muƙami. Lawton yana da wasiƙu da suna a jarida, mayaƙan ƙabilun Lakota da Cheyenne da suka riƙe bindigogin Henry da Winchester a yaƙin Little Bighorn na 1876 ba su bar rasit ba. Bindigoginsu sukan zo da kusoshin tagulla a jikin ƙota da ɗaurin ɗanyar fata inda katako ya karye, kuma wannan ado yana da sauƙin kwaikwayo, har ya sa masu saye ke zargin ko da na gaskiyar. Amma akwai wata hanyar shaida. Binciken da aka yi a filin yaƙin a 1984 da 1985 ya tono kwansunan harsasai, kuma tabon da allurar kowace bindiga ke bari a gindin kwanso ya bambanta da na sauran. Da haka aka ƙirga bindigogin da aka harba a wurin, har aka haɗa wasu da ke hannun mutane da kwansunan da suka fito daga cikinsu. Kimiyya ta yi wa marasa takarda shaida, kuma ya kamata kasuwa ta ba irin wannan hujja nauyin da take ba wasiƙar kamfani.

Hukunci

Al'adar kimanta bindiga mai liba ta ƙware wajen amsa tambaya guda: shin wannan abu yana nan yadda ya fito daga hannun maƙerinsa? Tambayar wanda ya riƙe shi da abin da ya yi da shi kuwa, tana amsa ta ne kawai idan mai shi babban mutum ne. Farashin gwanjo ma'aunin sha'awar masu kuɗi ne a wannan rana, kada a ɗauke shi a matsayin ma'aunin tarihi.

Darasin farko na wannan sana'a ya shafi duk wanda ya gaji tsohon ƙarfe, ko Winchester ce, ko takobi, ko sulke, ko bindigar toka ta hawan sallah. Kada ka goge, kada ka yi fenti, kada ka gwada harbi da ita. Ka ajiye ta inda babu danshi, ka bi dokar ƙasarka kan mallakar makami, ka ɗauki hotunanta, sannan ka zauna da dattawan gida ka rubuta wanda ya mallake ta da inda ta je, tun suna raye.