Dutsen Dala a Littafin Tarihin Kano

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, shi ya koya wa yawancinmu kallon Dala a matsayin mazaunin Barbushe da Tsumburbura. Sai dai a lura, an kammala rubuta shi ne a ƙarshen ƙarni na 19, bayan Jihadi, kuma marubucin tsafi ya fi ɗaukar hankalinsa. Maƙeri guda, Gijigiji, ya ambata a gurguje, alhali binciken tono ya nuna ana narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7. Shi ya sa har yau ɗalibi zai hau dutsen yana tambayar inda gunki yake, bai tambayi maƙera ba.